Ta Iyatu

Da Malam Mammadu ya san abin da zuwan saurayin nan zai jawo masa, da ya ce masa babu ɗaki. Amma ɗaki akwai, har huɗu babu kowa, damina ta hana baƙi zuwa. Sai ya karɓi jakarsa da hannu biyu ya yi masa maraba.

Cikin watan Agusta ne, shekarar 2004. Masaukin yana gaba da Kiyawa kaɗan, idan an sauka daga kwalta an bi burji. Ɗakuna shida ne, sai rumfar cin abinci a gindin wata ɗorawa. Tun da aka ƙaddamar da shari'a Malam Mammadu ya raba rumfar biyu da zana, maza nan, mata can, kuma ba ya ba namiji da mace ɗaki sai ya tabbatar da aurensu. Duk da haka hankalinsa bai taɓa kwanciya ba. A shekarun nan mutane ba sa jin an ce masauki ba su ɗaga gira ba. Ga shi baƙo ne a yankin. Shekara uku ke nan da ya bar kiwo a wajen Garki ya zo ya gina wurin.

Saurayin sunansa Huzaifa, ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, yana zaune a unguwar Takur tare da mahaifiyarsa Ya Fanna. Taifod ce ta kwantar da shi wata guda, ta bar shi duk ƙasusuwa. Likita ya ce ya huta, Ya Fanna ta ce ya tafi inda zai sha nono na gaske.

Washegari da hantsi ya fito yana ɗaga waya sama yana zagaye tsakar gida. Malam Mammadu ya nuna masa dutsen da ke bayan madafa.

"Sai can sama take kamawa, samari."

Huzaifa ya hau yana haki. A sama ya tarar da wata budurwa cikin hijabi ruwan toka, ta miƙa wata tsohuwar waya sama tana jira.

"Salamu alaikum. Ashe layi ake bi."

Ta amsa, ta dube shi sau ɗaya, ta sauke ido. "Matsa wajen tsagin can. Nan ne sabis ke kai sanda biyu. Inda nake sanda ɗaya ce."

"Mai kyaun kika bar mini?"

"Kai baƙo ne. Kuma na ga hawan nan ya kusa gamawa da kai."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta ce wayar masauki ce, kullum da hantsi takan hawo ta duba ko wani baƙo ya turo saƙo, domin Baffa, wato Malam Mammadu, ajami kawai yake karantawa. Ta tambaye shi mutumin ina ne. Ya ce asalinsu Haɗeja, su Barebari ne.

"Shi ya sa," in ji ta.

"Shi ya sa me?"

"Ɗan dutsen nan ya gagare ka. Ku ai sai fili."

"Ikon Allah! Yau Bafillatana ce ke faɗa wa ubangidanta magana?"

"Ubangida da ƙafa na rawa?"

Daga ƙasa wata murya ta taso. Inna Suwaiba ce, matar Malam Mammadu, tana tsaye a ƙofar madafa da muciya a hannu, idonta a kansu tun ɗazu.

"Ta Iyatu! Tukunya!"

Budurwar ta juya za ta sauka. Huzaifa ya ce, "Ta Iyatu ne sunanki?"

"Na gida ne. Sunana Shamsiyya. Ni ce ta fari a wurinsu, ana yaye ni aka ba kakata Iyatu a Garki. Sai bara da ta rasu na dawo. Baffa da Inna ba sa faɗin sunana, kunyar ɗan fari."

"Ko sau ɗaya?"

"Shekarata goma sha tara, ban taɓa ji ba."

Ta sauka tana tsallake duwatsu kamar a tsakar gida take.

Kwana uku Huzaifa ya ce zai yi, sai ga shi ya yi biyar. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, da rana fura da kindirmo mai sanyin randa, da yamma tuwon dawa miyar kuka ko farfesun zabo. Yakan zaga gonaki ya ga gero ya fara kai, ya dawo takalmansa duk taɓo. Abinci ta taga ake miƙo wa maza, hannu kawai ake gani. Amma Malam Mammadu yana lura. Ya ga man shanun da ke kan tuwon baƙon ɗaki na uku ya fi na kowa yawa. Ya ga mutumin da hawa ɗaya ya kusa kashewa yanzu kullum da hantsi yana saman dutse. Duk mai 'ya budurwa ya san yadda gaba ke faɗuwa a irin wannan lokaci. Mutum ba ya son a ƙi ta, kuma ba ya son a gan ta.

Ranar tafiya Huzaifa ya durƙusa gabansa a gindin ɗorawa.

"Baba, ina neman izini. Ina son Shamsiyya, da aure."

Malam Mammadu ya kawar da kai kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya daɗe yana kallon zabin da ke kiwo a bakin shinge.

"Wannan magana ba tawa ba ce, samari. Ka turo manya su nemi yayana Uwaisu a Garki. Allah ya kiyaye hanya."

Daga nan wayar masauki ta samu aikin da ba na baƙi ba.

"'Yar Fillo, na iso lafiya. Ya Fanna ta ce na yi kumatu, ta ce a gaishe da mai man shanu. Na ci tuwon gidanmu na ji kamar ban ci ba. Huzaifa."

"Ɗan Barebari, a gaishe da Ya Fanna da kyau. Ka riƙa shan maganinka. Yau na tsaya a wajen tsagin, na ga wurin ya yi faɗi da yawa. Kada ka turo da dogon saƙo, waya ta cika."

"Shamsina, na gaya musu. Kawuna Isah ne zai shige gaba. Ki yi mini addu'a, mutum ne mai tsanani."

Kawu Isah ƙanin mahaifin Huzaifa ne, shi ya riƙe gidan tun rasuwar yayansa. Da ya ji inda yarinyar take sai ya ɓata rai. 'Yar masauki? Ya ce ba zai taka Garki ba sai ya gani da idonsa. Bai gaya wa kowa ranar ba. Wata Asabar ya sa tsohuwar riga, ya shiga motar haya, ya sauka a masaukin kamar matafiyi mai neman abincin rana.

Rumfar maza a cike take ranar, don an tashi daga wata jana'iza a ƙauyen. Cikin masu cin abinci har da Barau, mai injin niƙa, wanda ya nemi Shamsiyya da bazara aka ba shi haƙuri. Kawu Isah ya ci tuwonsa, ya wanke hannu. Can sai ga Shamsiyya ta gifta da tulu za ta rijiya. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Maigida, wannan yarinya 'yarka ce?"

Malam Mammadu ya ji kunya ta rufe shi. A gaban mutane, baƙo ya tambaye shi 'yar fari! Ya sunkuyar da kai ya ba da amsar da ya saba bayarwa.

"Ta Iyatu ce."

"Wace ce Iyatu? Matarka?"

"A'a. Ta rasu."

"To ubanta fa? Yana ina?"

Malam Mammadu ya tattara kwanukan da ba su gama zama fanko ba. "A bar wannan maganar, Alhaji," ya ce, ya shige madafa.

Babu ƙarya ko ɗaya a abin da ya faɗa. Amma a cikin rumfar babu wanda ya san su tun Garki.

Kawu Isah ya koma Takur ya tara Huzaifa da Ya Fanna. Ya ce maganar aure ta mutu. Yarinya ba uwa, ba a san uba ba, tana zaune a masauki wurin mutumin da ya kasa cewa tasa ce.

"Kawu, kunyar ɗan fari ce. Ita ta gaya mini."

"Ita ta gaya maka. Shi kuma na tambaye shi sau uku a gaban jama'a. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma ba mu gudu madafa."

Huzaifa ya kwana biyu maganar na cinsa. A rana ta uku ya tura saƙon da daga baya ya yi ta nadamarsa.

"Shamsiyya, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Malam Mammadu mahaifinki ne? Kawu ya je, ya ce ya musa."

Ta karanta a saman dutse, ta zauna. Ba ta ba da amsa ba ranar, domin tana saukowa ta tarar da abin da ya fi wannan. Mutum biyu daga kwamitin gyaran tarbiyya na ƙauyen suna tsaye a gindin ɗorawa da takarda. Wani ya rubuta ƙara, bai sa suna ba. Ya ce mai masauki yana ajiye da budurwa wadda ba muharramarsa ba, da bakinsa ya ƙi cewa 'yarsa ce, kuma ana ganinta a kan dutse da baƙi maza. An kira shi zauren dagaci ranar Alhamis bayan la'asar. Idan abin ya tabbata za a rufe masaukin, a miƙa maganar yarinyar gaban alƙali.

Ita ce ta karanta masa takardar, don babu mai karantawa sai ita. Tana karantawa, shi kuma yana kallon ƙasa. Da ta gama ya karɓa ya ninke, ya sa a aljihu, ya ciro, ya sake ninkewa.

Kwana ukun nan babu wanda ya ci abincin kirki a gidan. Baƙi biyu da ke nan suka tattara kayansu. Matan da ke kawo nono suka riƙa ajiye ƙwarya a bakin shinge suna juyawa. Inna Suwaiba ta ƙona tuwo sau biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. Malam Mammadu da ya ji ƙarar babur sai ya miƙe tsaye. Rufe masauki bai dame shi ba kamar ɗaya abin. Ya san idan sunan yarinya ya shiga bakin mutane da irin wannan magana, ko alƙali ya wanke ta, ba kowa zai ji wankin ba.

Ran Talata Shamsiyya ta hau dutse ta rubuta:

"Huzaifa, mahaifina ne. Ban taɓa yi maka ƙarya ba. An kai mu ƙara, jibi za a zauna a zauren dagaci bayan la'asar. Tsoro nake ji. Ban ce ka zo ba, na dai gaya maka don kada ka ji a bakin wasu."

Ba ta kai ga sauka ba amsa ta shigo.

"Shamsina, ki yafe mini. Na yi wauta, ban cancanci ki amsa mini ba ma. Zan zo. Ko me aka faɗa a zauren nan, ke nake so, ke zan aura in Allah ya yarda. Ki ci abinci."

Da Ya Fanna ta ji, mayafinta ta ɗauka. Ta ce wa Kawu Isah, "Kai ka je ka yi tambaya a tsakiyar kasuwa, kai za ka je ka ji amsa. Tashi mu tafi."

Ranar Alhamis zauren ya cika har waje. Dagaci na zaune a kan buzu, liman a damansa, magatakardan kwamiti riƙe da biro. Alhaji Uwaisu ya zo daga Garki da dattawa biyu na danginsu, da sandunansu. Barau yana can baya jingine da bango. Mata suna soro na ciki, bayan labule, Shamsiyya a tsakanin Inna Suwaiba da wata farar dattijuwa da ba ta sani ba. Dattijuwar ta kamo hannunta ta riƙe.

"Ni ce Ya Fanna. Ke ce mai man shanu? Kwantar da hankalinki, 'yata."

Aka karanta ƙarar. Alhaji Uwaisu ya yi gyaran murya ya ce yarinya 'yar ƙaninsa ce, shi ya yanka ragon sunanta da hannunsa. Dattawan biyu suka ce haka ne.

Magatakarda ya ce, "Mun ji, Alhaji. Amma takarda ta ce shi da kansa ya musa a gaban shaidu. Ga shi a zaune da ransa."

Liman ya juyo a hankali. "Malam Mammadu, al'adar nan mun san ta, muna kuma girmama ta. Sai dai magana ta shiga rubutu, kuma mutuncin yarinya ne. Ka faɗa da bakinka, da sunanta, a rubuta, kowa ya tafi gida."

Malam Mammadu ya dubi jama'ar zauren. Yayansa na gefensa. Dattawan da suka ga tashinsa suna kallon sandunansu. A danginsu ba a taɓa jin wanda ya yi haka ba, ballantana a gaban na gaba da shi. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya dubi Alhaji Uwaisu, Alhaji Uwaisu ya kawar da kai, bai ce yi ba, bai ce bari ba.

"Ta... ta Iyatu ce," ya ce a hankali.

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani daga waje ya ce, "Kun ji ko?" Magatakarda ya sa biro a kan takarda. Huzaifa ya yunƙura zai miƙe, Kawu Isah ya danne masa gwiwa.

Daga bayan labule sai aka ji kuka, ba mai ƙarfi ba, irin wanda ake toshe baki a yi. Malam Mammadu ya san kukan. Ya ji shi ranar da aka ɗora ta a bayan Iyatu aka tafi da ita, shi kuma yana tsaye a cikin shanu ya yi kamar bai ji ba.

Ya dafa ƙasa ya miƙe tsaye.

"'Yata ce," ya ce. Muryar ta fito da ƙarfin da shi kansa bai zata ba. "Shamsiyya 'yata ce. Ni na haife ta, ita ce ta fari. Iyatu uwata ce. Shamsiyya Mammadu. Ka rubuta."

Ya koma ya zauna ya rufe fuska da hannun riga.

Can Alhaji Uwaisu ya miƙa hannu, bai dube shi ba, ya dafa masa kafaɗa ya bar hannun a nan. A soro na ciki Shamsiyya ta kifa kai a cinyar Inna Suwaiba, Inna Suwaiba kuma, wadda ba ta taɓa rungumarta a gaban mutane ba, ta rufe ta da mayafinta.

Dagaci ya tambaya ko akwai wanda zai tsaya a kan maganar dutse. Huzaifa ya miƙe ya ce shi ne baƙon, sabis ya kai shi, kuma mahaifiyarta na kallonsu daga ƙofar madafa kowace rana. Ya ce ya nemi izini kafin ya tafi. Dagaci ya sake tambaya ko mai ƙara yana nan. Ba wanda ya amsa. Ya ce a kashe maganar.

Mutane sun fara neman takalma sai Kawu Isah ya ce a dakata. Ya rarrafo gaban Malam Mammadu.

"Malam, ni ne baƙon ran Asabar. Na zo maka a ɓoye, na yi maka tambayar da ba a yi a rumfa. Ka yafe ni." Ya juya wajen Alhaji Uwaisu. "Alhaji, tun da Allah ya hutar da ni tafiya Garki, ga liman ga dagaci. Ina nema wa ɗana Huzaifa auren 'yarku."

Alhaji Uwaisu ya shafa gemu. "Barebari dai ba ku iya komai a kan tsari ba. Bawa ya zo neman 'yar ubangidansa ko goro babu?"

Zauren ya fashe da dariya, har da liman. Daga bayan labule Ya Fanna ta ɗaga murya ta ce goro yana cikin mota, ita ba ta fito da wasa ba.

Bayan an girbe gero aka ɗaura aure a ƙofar masaukin, a gindin ɗorawa. An yanka zabi ba adadi, Inna Suwaiba ta tuƙa tuwon da bai ƙone ba. Da safiyar ranar saƙo ya shigo wayar masauki.

"Amaryata, a Takur ko a ɗaki sabis sanda huɗu ne. Kin huta da hawa."

"Angona, kai dai ka huta. Ni ban taɓa haki ba."

Da la'asar, motar amarya na jira, aka kawo ta gaban mahaifinta lulluɓe. Ta durƙusa. Malam Mammadu ya dubi gefe kamar yadda ya saba, amma ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ki ga naki. Ki yi haƙuri da mutane." Ya dubi Huzaifa. "Samari, amana ce."

"Na karɓa, Baba."

Jama'a suka ce amin. Motar ta bi burji a hankali saboda ramuka, shi kuma yana tsaye a bakin shinge har ta hau kwalta.

Wanda ya rubuta takardar ƙarar kuwa, Barau ya rantse a gaban liman ba shi ba ne, Kawu Isah ma ya rantse. Har yau ba a san ko wane ne ba.